Wani Dattijo a Gonar Dagaci

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Laraba, a zauren gidanmu da ke Baure. Mu uku ne: ni, da yayata, da mijinta, tsohon ɗan gwagwarmayar talakawa, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa ya ba ni in duba kafin a buga. Na duba, na kuma faɗa masa abin da na gani bi da bi.

Na farko, babin ƙuruciya. A nan muka koyi cewa tun yana goye yake ƙin zalunci. Madalla.

Na biyu, babin kurkuku. Wata uku aka tsare shi, amma sun cinye rabin littafin. Kunun gidan yari ma ya samu shafinsa, har da bayanin tsaminsa.

Na uku, babin gonar dagaci, ranar da talakawa suka ƙi noman dole. Mahaifinmu ne ya fara ajiye fartanya, shi aka ɗaure a gindin tsamiya tun hantsi har la'asar. A littafin kuwa an kira shi wani dattijo, a layi ɗaya.

Na ce, "Yaya, wane dattijo ne wannan?"

Ya ce, "Haba, kai ma ka sani. Surukina ne fa. Da wane bakin zan kama sunansa?"

Na ce, "Wa ya ce baki? Alƙalami aka ce."

Yayata ta ce, "Ƙyale jarumi. Ankwa ba ta ba shi tsoro ba, sai sunan Baba."

Sai ya miƙo mini biro. "To, kai da ka iya sharhi, ga wurin. Rubuta."

Na karɓa. Na gyara zama, na gyara tabarau. Ni da ko a rajistar makaranta sunan garinmu na sa bayan nawa, don kada malami ya riƙa kiran na Baba da ƙarfi kowace safiya. Na mayar masa da bironsa. Haka aka buga littafin, da kunyarmu mu uku a ciki.

Waɗanda suka ga ɗaurin nan saura kaɗan, kuma duk sun tsufa. Mai karatu, kai ba ɗansa ba ne, ba surukinsa ba. Idan ka biyo ta Baure, ka tambayi tsofaffin bakin kasuwa wanda ya fara ajiye fartanya, ka rubuta sunan a gefen shafin, da tawada.