Da Na Bi Ki Logroño, Yaya Casilda

Ranar Talata, sha tara ga watan Nuwamba, da misalin ƙarfe shida na safe, Allah ya karɓi ran Casilda Prieto Lozano a gidan 'yarta Amparo, nan garinmu Zamora, tana da shekara saba'in da huɗu. Wanda ya ba mu aronta ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa. Amparo ce ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Inna Genoveva, Mama ta tafi." Na zauna a bakin gado na daɗe, har hasken rana ya shigo ta taga.

Casilda yayar mijina ce, marigayi Anselmo. Maɗinkiya ce, ta yi fiye da shekara arba'in tana bin wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo gari gari, tana ɗinka musu tufafi tana gyarawa. Wannan shi ne abin da kowa ya sani. Abin da zan rubuta a nan kuwa tsakanina da ke ne, Yaya, sai dai ba ni da inda zan same ki in faɗa miki, shi ya sa nake faɗa a gaban mutane.

Ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba. Shekara talatin da biyu muka yi ba ma shiri. Maganar farko da kika yi mini a duniya, ranar aurena ce, a ƙofar coci. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ce bakin rigata ya karkace. Kika durƙusa a kan dutse da allura a baki kika gyara shi, mutane na jira. Ban gode miki ba. Tun daga ranar na ɗauke ki mace mai shisshigi, mai yawon da ba ya ƙarewa, wadda ta bar 'yarta a hannun kaka ta bi masu wasa. Ke kuma kin ɗauke ni matar da ta kulle miki ƙane a gida, ta hana shi shan iska. Ko sunana ba kya kira. "Matar ƙanina" kike ce mini, da wata irin murya da ke sa ni cizon leɓe. In kin zo bikin Kirsimeti mukan gaisa, mu ci abinci a teburi ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Da Anselmo ya rasu na rufe tagogin gidana. Wata goma sha huɗu ban fita ba sai zuwa coci da shagon burodi. Ɗana Leandro yana Bilbao da iyalinsa, yana kira kullum, ina ce masa lafiya lau. Na rame har zoben aurena ya fara zamewa. Ni kaina na san inda na nufa, kuma ban damu ba.

Wata safiyar Mayu kika buga ƙofa. Ba ki tambaye ni yaya nake ba. Kika ce mai yi muku guga ta karye a hannu, ga wasa ya taso a kudu, kuna neman wadda ta iya riƙe dutsen guga na mako uku kacal. Na ce ba zan iya ba. Kika wuce ni kika shiga ɗaki, kika sauko da akwatina daga kan kabad, kika fara zuba kaya. Sai bayan shekara biyu na ga matar nan mai guga, na tambaye ta hannunta. Ta dube ni da mamaki, ta ce ita ba ta taɓa karyewa ba, ke ce kika roƙe ta ta je hutu. Mako ukun nan shekara tara suka zama.

Ina tuna darenmu na farko a Cádiz kamar jiya aka yi. An sauke labulen wasa wajen sha ɗaya da rabi, mun rataye tufafi, na ɗauko burodi da cuku zan tafi masauki in kwanta. Kika karɓe ƙunshin daga hannuna kika ba mai gadi. Kika ce a garin nan yanzu ne mutane suke fara tunanin abinci. Kika saƙala hannunki a nawa kika ja ni cikin lungunan tsohon gari. Iskar teku na kaɗawa, tsofaffi sun fito da kujeru ƙofar gida, yara na buga ƙwallo a dandali iyayensu na hira, wani na waƙa daga bene, wata daga ƙasa na ce masa ya rufa wa unguwa asiri ya yi shiru. Muka kutsa wani ɗan shago da babu wurin zama, kika ɗaga yatsu biyu, aka miƙo mana soyayyen kifi a cikin takarda, da zafinsa. Wani dattijo a gefena ya ga baƙaƙen kayana, ya tambaye ki ko daga jana'iza kika sato ni. Kika ce masa a'a, daga kabarin kika tono ni, kada ya matsa kusa ban gama dawowa ba. Dariya ta kuɓuce mini. Ita ce ta farko tun rasuwar Anselmo, kuma kafin ta ƙare ta koma kuka. Na ji kamar na ci amanarsa.

Kika fito da ni waje, muka zauna a matakalar wata coci. Kika bar ni na yi har na gaji. Sannan kika ce, "Saurara, matar ƙanina. Ƙanina ne tun kafin ya zama mijinki. Yana saurayi babu dandalin da bai yi rawa ba, sai na je na jawo shi da kunne. Ya aure ki ya daina fita, ni kuma na ɗora miki laifi. Wata rana na tsare shi na tambaye shi. Ya ce, 'Yaya, abin da nake fita nema yana cikin gida yanzu.' Haushi ya hana ni faɗa miki. Ga shi na faɗa. Ci kifinki kafin ya huce."

Na ci. A daren nan aka binne faɗanmu, ba mu sake tono shi ba. Sunan dai ba ki canza ba, amma muryar ta canza.

Daga nan na koyi tafiya irin taki. Ba kya cin abu biyu a shago ɗaya: zaitun a nan, wainar ƙwai da dankali a can, jatan lande a gaba, ɗan kofin ruwan inabi a kowane wuri, kuma duk a tsaye. Kina cewa wanda ya zauna ya gama hira da mutane, ya koma hira da faranti. Kafin mu shiga shago sai kin leƙa ƙasa. In kin ga tsaf babu tarkacen takarda da ƙwallon zaitun, sai ki ja ni mu wuce, ki ce 'yan garin ba sa cin abinci a nan. Ni kuwa ƙorafi ne aikina: hayaƙi ya yi yawa, ƙafata na ciwo, gishiri ya zarce. Kina ce mini in ci gaba da mita, ita ce kiɗan da kike taka rawa da shi.

Allura da zare ba sa barin jakarki. Ba zan iya tuna yawan masu kawo abinci da kika ɗinka wa maɓalli suna tsaye da tire a hannu ba. A Córdoba, wata amarya ta fito daga wurin biki mota ta ja mata gefen riga ya yage, tana tsaye a titi tana kuka, danginta sun ruɗe. Kika zaunar da ita a ƙarƙashin fitilar titi, kika ba ni tocila na riƙe, cikin rabin awa ko uwarta ba ta gane inda ya yage ba. A wurin bikin muka ƙarasa daren, ba mu san kowa ba, kika yi rawa da kakan ango. Kuma ba kya iya ganin mutum yana cin abinci shi kaɗai. A Zaragoza kin taɓa jawo wani direban babbar mota da ya juya wa kowa baya, kika tsayar da shi tsakaninmu. Ashe ranar aka gaya masa matarsa da ke kwance ba lafiya ba za ta tashi ba. Bai ci wani abin kirki ba, amma ya yi magana har aka fara share shagon, kina sauraro.

Da ƙungiyar ta watse saboda tsufan masu ita, ba mu daina ba. Sau biyu a shekara mukan hau jirgin ƙasa mu biyu, kuma watan Satumba na Logroño ne, lokacin bikin girbin inabi. A can akwai Eusebio, mai gasa naman kaza da tafarnuwa a wani shago da bai fi faɗin ƙofa biyu ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Duk shekara, da ya hango ki cikin cunkoso sai ya ajiye cokali ya tambaye ki ko bana kin shirya aurensa. Ke kuma ki ce ya fara koyon rage gishiri tukuna. Mutanen shagon sun haddace wasan, suna jiransa. Ni kaɗai na lura cewa in za mu je lungun shagonsa kina daɗewa a gaban madubi.

Bana, farkon Satumba, kika zo gidana kika ce in haɗa kaya. Na ce gwiwata ta matsa mini, ga baftismar jikata a Bilbao ƙarshen wata, mu bari sai baɗi. Kika sake cewa mu dai je. Ba halinki ba ne roƙo, ya kamata in gane. Na ce miki Logroño ba guduwa zai yi ba. Kika gyara wuyan rigata, kika ce to, matar ƙanina, Allah ya ƙara sauƙi. Kika tafi ke kaɗai. Tun watan Yuli likita ya gaya miki ciwon da ke jikinki da kuma iya lokacin da ya rage. Kin hana Amparo faɗa wa kowa. Ni ban sani ba sai tsakiyar Oktoba, da kika kwanta. Na je na same ki ina faɗa ina kuka, na tambaye ki me ya sa ba ki gaya mini ba. Kika ce da kin faɗa da na bi ki, amma da jinya zan je yi, ke kuma abokiyar yawo kike nema, ba mai jinya ba.

Ranar Alhamis muka kai ki makwancinki, kusa da iyayenki da Anselmo. Muna fitowa daga maƙabarta na ga wani tsoho tsaye a gefe da hula a hannu. Eusebio ne. Tun asuba ya hau bas, ya rufe shagon da bai taɓa rufewa ranar aiki ba. Shi ya ba ni labarin kwana biyar ɗin da kika yi a can. Ya ce tun da ya san ki bai taɓa ganin kin zauna ba sai bana. Ya fito miki da kujera bakin ƙofa, kika karɓa ba gardama, a nan ya gane. Kullum da yamma kina nan har a tashi, ba kya cin komai sai ki ɗanɗana, kina kallon masu wucewa, 'yan mata da jajayen ƙyallaye a wuya, masu ganga, iyaye da jarirai a kafaɗa. Ya ce bai yi miki tambayar ba bana, ya kasa. Daren ƙarshe ke ce kika ce masa, "Yau ba za ka tambaye ni ba ne, tsoho?" Ya tambaya. Kika ce masa i, kin yarda, ya riƙe amsar a wurinsa, ita kaɗai kike da ita da za ki bar masa. Ya kuma ce duk daren nan biyar ba ki rasa ambatona ba. Da hayaƙi ya turnuƙe sai ki yi dariya ki ce da matar ƙanina na nan da yanzu ta fara mita.

Muka koma gidan Amparo, ya nemi izini ya shiga kicin, ya ɗaura ƙyallen aikinsa da ya zo da shi a ninke cikin jaka. Ƙanshin tafarnuwa ya cika gidan ya fita titi. Amparo ta buɗe ƙofa, maƙwabta suka fara shigowa, da gida ya cika muka fito waje da faranti a hannu cikin sanyin Nuwamba, da rigunan sanyi a jikinmu. Tsofaffin 'yan wasanku da suka zo suka yi ta ba da labarinki, ana dariya ana share hawaye. Gishirin ya yi yawa. Babu wanda ya faɗa.

Yaya, kwana biyar ne kawai kika nema a wurina, ke da kika ba ni shekara goma sha shida. Gwiwar da na fake da ita ta kai ni Bilbao lafiya ta dawo da ni. Na san kin yafe, domin kin faɗa mini da bakinki, amma ni har yanzu ban gama da kaina ba. Da yamma in na ji hayaniyar mutane ta taso daga dandali, sai in ji gefen hannuna na hagu babu kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Amparo da mijinta Saturnino da 'ya'yansu, ga ɗana Leandro da ya rasa gwaggonsa, ga abokan aikinta da suka rage, ga Eusebio, da kuma duk masu shaguna daga Cádiz har Logroño waɗanda labarin bai kai gare su ba tukuna. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Allah ya jiƙanki, Yaya Casilda. Ya gafarta miki kurakuranki, ya saka miki da alheri a kan duk wanda kika jawo daga kaɗaici, ni ce ta farko a cikinsu. Ya haskaka makwancinki, ya sada ki da ƙaninki cikin salama, ya ba ki maƙwabta nagari masu son hira. Amin.

Matar ƙaninki,
Genoveva Alonso Ferrero