Ranar da Aka Kulle Inna Kulu

Duk wanda ya san surukata Inna Kulu ta Bungudu, mai daddawa, ya san ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Shi ne mijina, Baban Hafsat, Allah ya jiƙan su duka. Kunyar ɗan fari kowace uwa a wajenmu tana yi, amma ta Inna ta wuce misali. “Wancan” take ce masa. In ranta ya yi fari ta ce “yaron mutane”.

Na fara ganin abin tun ranar da suka zo Tsafe ɗaukar amarya. Gwaggona ta tare ta da fara’a ta ce, “Hajiya, ke ce uwar ango?”

Inna ta kawar da kai. “Ni? Rakiya na yo.”

Haka ta yini a bakin zaure cikin ’yan rakiya, aka yi ta neman uwar ango da kwanon nama, har ya huce!

Kun tuna mai kayan miyan nan na kasuwar Bungudu da sunansu ɗaya da Baban Hafsat? Shekara da shekaru Inna na sayen tattasai wurinsa da tafi. Ta tsaya ta tafa hannu sau biyu, ya juyo. Ranar da ya yi nisa da rumfa aka ce ta ƙwala masa kira mana, sai ta juya gida. Ranar miyar kuka muka sha, ba ko barkono.

Masu rajistar katin ɗan ƙasa ma sun sha nasu. “Inna, ’ya’yanki nawa?”

“Huɗu.”

Na ce, “Inna, biyar dai.”

Ta harare ni. “Ke aka tambaya? Gudan na mutane ne.”

To, wannan baiwar Allah ita aka ce ta raina kotu. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

Bayan rasuwar Baban Hafsat, wani ɗan baffansa ya tashi ya ce gonarmu ta Wanke aro ce, ba kyauta ba. Gonar da nake ci da marayu huɗu da geronta! Ranar da surukina ya ba Baban Hafsat ita, mutum uku ne a wurin, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Saura Inna. Muka ɗauko ta zuwa wata kotu a nan Gusau, ta sha sabon lulluɓi, da goronta a ƙulle a bakin zane.

Lauyan wancan ɓangare ya san halinta sarai, an tsegunta masa. Ya miƙe yana murmushi. “Inna, maza uku kika haifa. Wanne aka ba gonar?”

Ta nuna ni da haɓa. “Mijin wagga.”

“Suna kotu take so.”

“Ga matarshi, ga ɗiyanshi. Wa ad da bai san shi ba?”

Alƙalin matashi ne, bai kai Baban Hafsat shekaru ba. Ya ce shaida ba ta shiga takarda da nuni, ta faɗi suna. Ta yi shiru. Ya sake. Ta yi shiru. A na uku ta leƙa fuskarsa da kyau ta ce, “Allah gafarta Malam, kai ɗan fari ne?”

Ya ce ba shi ake tambaya ba.

“Awo, na gani. Da kai ne, da ka san uwar kirki ba ta yin abin da kake sa ni.”

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Nan fa fuskar alƙali ta canza. Ya buga tebur ya ce wannan raina kotu ne, a ajiye ta a ɗakin tsaro sai ta shirya amsawa, in kuma ta ƙi, a soke shaidarta.

Jama’a, ku duba min! Na yi sakandare, na san dole kotu ta kasance da kwarjini, in ba haka ba kowa sai ya yi abin da ya ga dama. Amma mutumin da ya zo cin gonar marayu yana zaune kan benci yana kaɗa ƙafa, shi bai raina kowa ba. Tsohuwar da ko takalmi ba ta yarda ta shiga da shi ba don girmama wurin, ita ce mai raini? Alƙalin aka yi wa dariya, shi ya ce laifi ne, shi ya yanke hukunci, duk a zama ɗaya. Dariyar mutane ce ta ƙona masa rai, da ya ga ba ta kulluwa sai ya kulle Inna.

Na bi ta ina kuka. Ta taga na hango ta ta riga ta sa wata ’yar sanda ta kawo mata buta, ta yi azahar, tana ba wata mai jiran shari’a goro tana mata faɗan ɗaurin ɗankwali.

Na ce, “Inna, a bar musu gonar. Allah ba zai hana mu abinci ba.”

“Rufe min baki! Gonar ubanki ce da za ki bayar?” Sai ta matso kusa da taga. “In ban faɗi ba, da gaske ƙwace ta za su yi?”

Na ce haka magatakarda ya gaya min.

Bayan la’asar aka maido ta. Alƙali ya ce ta fara ba kotu haƙuri. Ta dubi bango, ta dubi silin, ta ce, “Kotu, ki yi haƙuri.” Ta juyo gare shi. “Ta haƙura?” Wannan karon ba wanda ya yi ko tari.

Sannan ta juya wa jama’a baya, ta ja lulluɓi ta rufe fuska, ta faɗi sunan. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai tashin jariri daga barci. Ni ma ba zan rubuta shi nan ba. Ta ce wa magatakarda, “Rubuta da kyau, ba ni maimaitawa.”

Gonar ta tsaya hannunmu. Geronta muka dama kunu da shi ranar sadakar ukun Inna.

Ranar shari’ar nan, da yamma muka shiga mota za mu mayar da ita Bungudu. Ina ta shirya kalmomin ba ta haƙuri, sai na ji ta ce, ba ni take kallo ba, “Ashe sunan da daɗi a baki. Da na kira shi tun yana ji.”

Allah ka jiƙan Inna, ka yalwata mata kabarinta, ka yafe mata da mu baki ɗaya. Ka haɗa ta da yaron mutane a Aljanna, ta kira shi da sunansa, ya amsa. Amin.