Mai Goro da Magogi

A tashar Kejetia, Hamamatu na jiran motar haya ta trotro ta cika, idonta na kan wani mai sayar da goro. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, amma likita ya ɗaure masa haƙora da siririyar waya don su daina hawa kan juna. Gatsar goro ta gagare shi. Ga shi nan da magogi, yana goge goronsa a tafin hannu kamar tsohon da haƙora suka ƙare masa.

"Ei, abokina, yaushe ka tsufa?" in ji direba.

Mai goron na dariya, wayar na walƙiya. "Saura wata uku, wallahi!"

Hamamatu na murmushi. Ta tabbata akwai wata budurwa a Asokore Mampong da ke ƙirga watannin nan tare da shi.