Sai Mun Kai Aji Biyar

A ƙarshen daminar 1968, wata Laraba da hantsi, ni da Ɗantani muna tsaye a kan tudu muna kallon ruwa yana cinye lambun albasar kakanmu. Shekarar ce aka datse Kwara a Kainji, ruwa ya juyo baya yana hawa a hankali, ba ƙara ba igiya, sai dai ka kafa kara da safe ka dawo da yamma ka tarar ya nutse. An riga an kwashe mu daga gungunmu, wato tsibirin da aka haife mu, an kai mu sabon gari mai ɗakunan siminti a gefen Yauri, amma kullum sai mutane sun dawo bakin ruwa kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Maza sun yi jugum, mata na share hawaye da bakin zane, mu kuwa yara abin ya zame mana kallo. Ana cikin haka Ɗantani ya zagaya bayan wata sabara, can sai na ji yana kirana ƙasa-ƙasa: "Bawa, taho ka gani!" Na je na same shi yana nuna mini rairayi, inda fitsarinsa ya bar jan tabo. Ya washe baki har kunne ya ce, "Na riga ka zama namiji." Wallahi ranar haushi ya hana ni cin tuwo.

Ɗantani ɗan Gwaggo Kulu ne, ƙanwar babana, saboda haka taubashina ne, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. Da ma sunana Bawa, sai yake kirana bawansa, ina kiransa mai kunnen faranti, mu yi kokawa da safe mu ci a akushi ɗaya da rana. Tare muke ban ruwan albasa da ƙwarya tun kafin rana ta yi zafi, tare muke tsaron tsuntsaye a fadamar shinkafa muna kaɗa gwangwani har muryarmu ta dushe, tare muke bin Kawu Manu a jirgi mu ɗaga mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, mu ciro tarwaɗa da kurungu. Ya fi ni iyo, ya fi ni langa, ya fi ni lissafi, ni kuma na fi shi ci da barci. A wurinmu mutanen bakin gulbi, jini a fitsarin yaro ba ciwo ba ne. Sunansa tsargiya, kowa ya san sunan, amma ana ɗaukarsa alamar balaga ce, kamar fitowar gashin baki. Da Ɗantani ya gaya wa Kawu Manu, dariya ya yi ya dafa kansa ya ce, "Wanga ba komi ba na, duk namijin gulbi sai ya yi shi." Da nawa ya zo bayan 'yan watanni, har tsalle na yi.

Sabon garin bai karɓe mu da daɗi ba. Ɗakunan suna zafi da rana, tsofaffi suka ƙi kwana a ciki suka kafa bukkoki a tsakar gida, ƙasar tudun kuma ba ta san albasa ba. Kakanmu ya daina magana sosai, sai ya zauna gindin tsamiya yana gyaran komar kamun kifin da ba ya fita da ita. Amma mu yara mun sami abin da ba mu taɓa samu ba: ruwa kwance, mai ɗumi, marar gudu, ya shiga cikin tsofaffin gonaki ya yi lungu-lungu cike da ciyawa. A da iyaye suna hana mu nisa saboda ƙarfin Kwara, yanzu kuwa babu mai tsawata mana. Daga makaranta sai ruwa, daga kiwon awaki sai ruwa. Mu yi nutso mu taɓo kan rumbunan da suka nutse, mu tsinci dodon koɗi a jikin ciyawa mu cika aljihu muna jifan juna da su, har sai idanunmu sun yi ja Inna ta aiko a kira mu.

Shekarar da ta biyo muka ci jarrabawa mu biyu, aka tura mu makarantar sakandare ta kwana, tafiyar yini guda a mota. Gwaggo Kulu ta sayar da tunkiyarta ta saya wa Ɗantani akwatin ƙarfe, ta cika mana shi da bandar kifi da ƙuli-ƙuli. A can muka koyi tashi da ƙararrawa, da yankan ciyawa da lauje, da wanke wa manyan ɗalibai kaki, da cin wake mai ƙwari ba tare da mun duba ba. A jikin bangon ofis an manna jadawalin darussa na kowane aji, kuma tun makon farko idon Ɗantani ya faɗa kan wani darasi da babu shi a namu: Kiwon Lafiya. Wajibi ne, ba wanda zai bar makarantar bai yi shi ba, amma an ajiye shi sai aji biyar, shekarar fita. Mu 'yan aji ɗaya, a daidai wannan lokacin gonar makaranta ake tura mu.

Mai koyar da darasin Malam Ishaya ne, wani dogon mutum mai sanyin murya daga ƙasar Kambari, wanda ya taɓa aikin asibiti kafin ya koma koyarwa. Daga baya muka ji cewa duk farkon shekara sai ya roƙi a sauko da darasin zuwa aji ɗaya, shugaban makaranta kuma ya ƙi. Ba mugun mutum ba ne shugaban, tsoron iyaye yake ji. A ganinsa darasin da za a ambaci mafitsara da al'aura da haihuwa ba na ƙananan yara ba ne, in labari ya koma ƙauyuka cewa ana buɗe wa yara ido, sai a kwashe su a mayar gona, da ma da ƙyar aka ba da su. "A bari su girma," shi ne abin da yake faɗa, malamai da yawa kuma suna ganin gaskiyarsa.

Ɗantani kuwa likita yake so ya zama, kuma wannan darasin ya tsaya masa a rai. Ran nan muna dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, sai ya sulale ya laɓe a tagar aji biyar. Bai daɗe ba wani babban ɗalibi ya hango shi, ya fito ya zuba masa bulala ya koro shi. Ya iso yana sosa baya yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Bawa, ka san mi ake koya musu? Dodon koɗi! Malam ya zana shi ƙato a allo. Ashe abin da muke jifa da shi a gida shi na karatun manya." Muka yi ta dariya, muka ce in dai wannan ne mu ma malamai ne. Ya ce ba komi, bari mu kai aji biyar, shi zai zauna a gaba.

A aji biyu ya fara canzawa. Yaron da ba a kama shi a langa sai ga shi yana haki daga ɗakin kwana zuwa aji. Ya ɗashe, yana yawan riƙe ƙugu, yana fita fitsari a tsakiyar darasi har malamai suka sa masa suna malalaci. Na raka shi ɗakin shan magani ba sau ɗaya ba. Mai ba da magani ya tambaye shi me ke damunsa, ya ce kasala da ciwon baya, aka ba shi maganin zazzaɓi. Ba a tambaye shi fitsari ba, shi kuma bai faɗa ba, ni ma da ke tsaye a gefensa ban faɗa ba, don a saninmu wannan ba ya cikin lissafin ciwo. Wa zai je gaban likita ya kai ƙarar balagarsa? Muna shiga aji uku ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika har idanun suka ƙanƙance, sai makaranta ta sa shi a mota aka mayar da shi gida.

A gida aka ce iskokin ruwa ne. Mutane da yawa a lokacin sun yarda cewa tunda muka bar kaburburan kakanni a ƙarƙashin tafki, ba za a bar mu haka nan ba. Gwaggo Kulu ba inda ba ta je ba. An yi rubutu an sha, an yi turare, an kai baƙar kaza bakin ruwa, maƙwabtanmu masu zuwa coci ma sun zo sun yi masa addu'a. Da na zo hutu na same shi kwance a tabarma a inuwar zaure, littafin lissafinsa a gefen kai. Ya dube ni ya ce, "Bawana ya zo gaishe da ubangidansa." Na zauna a bakin tabarmar. Ya ce in riƙe masa wurin zamansa a aji kada wani ya gaje. Ya rasu farkon damina, ana shukar gero, ina makaranta. Ban sami jana'izarsa ba, kuma har yau wannan yana ci mini rai.

Na kai aji biyar ni kaɗai. Wata safiya Malam Ishaya ya shigo, ya ɗauki alli ya juya ga allo, ya zana dodon koɗi ƙato. Na tuna Ɗantani a taga tun kafin Malam ya buɗe baki. Ya yi bayani a hankali, da Turanci sannan da Hausa: akwai wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani, tana girma a jikin dodon koɗi a ruwan da ba ya gudu, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini, ta zauna a mafitsara tana yi mata rauni. Jinin da ake gani ke nan. In an bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari ta kashe ƙoda, jiki ya kumbura. Sannan ya ce akwai maganinta a asibiti, an daɗe da samunsa. Ya ajiye allin ya ce duk wanda ya taɓa ganin jini a fitsarinsa ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne. Hannuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kusan duk mu 'yan bakin ruwa. Na ɗaga nawa, sai kuka ya ƙwace mini a gaban kowa, ƙato da ni. A makon nan Malam ya kai mu asibiti da kansa, aka yi mana allurai masu zafi a jiki, na warke sarai.

Da na koma gida na rasa yadda zan yi da wannan ilimin, sai na kai wa Gwaggo Kulu. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na tsuguna na faɗa mata duka. Da na gama ta ce, "Su malaman naku, yaushe sunka san wanga abu?" Na ce tun kafin mu shiga makarantar. Ta ce, "To mi sunka jira?" Na ce sun jira mu girma ne, Gwaggo. Ta ajiye rariyar ta ce, "Kai ka girma, Bawa." Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗenta.

Ni ma koyarwa na yi har na yi ritaya, kuma duk makarantar da aka ba ni tsara jadawali, Kiwon Lafiya a aji ɗaya nake sa shi, zangon farko, da safe. Na sha faɗa da iyaye da malamai a kan haka, wasu suka ce taurin kai gare ni, ban musa ba. Yanzu jikokina tun suna firamare ake raba musu ƙwayar tsargiya a makaranta, su haɗiya da ruwa suna yatsina fuska, ba su san abin da aka ba su ba. Tafkin yana nan kwance inda gungunmu yake, yara na iyo a lungunansa kamar yadda muka yi. Wani lokaci in na je Yelwan Yauri ranar kasuwa nakan tsaya bakin ruwa in tsinci dodon koɗi ɗaya in riƙe a tafin hannu, in tuna yaron da ya gan shi a allo ta taga aka kore shi da bulala. Da an bar shi ya tsaya a tagar nan har Malam ya gama magana, da yau mu biyu ne tsofaffi.