Sunan Mutanen Sifen a Ƙofar Maƙwabciyata

Shekara uku muna ƙofa da ƙofa da ita a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, ban taɓa tambayar ta sunan garinsu ba. 'Yar Filifin ce, tana aikin shara a gidajen mutane. Na san tana son yajin daddawa har ya sa ta hawaye, na san tana da 'ya guda da ta bari wurin kaka, wadda take kira duk Lahadi. Na ɗauka wannan sani ne.

Lokacin kulle korona ta kama ta. Da motar asibiti ta zo, lambata ta bayar, don ba ta da kowa. Kwana tara aka kira ni aka ce ta cika. Wayarta ta tafi da ita, ba ta dawo ba. Fasfonta kuwa yana hannun wani tsohon uban gida da ta gudu ta bari tun kafin mu san ta. Abin da ya rage mini shi ne sunanta na biyu, wanda ta rubuta a jikin ƙofa.

Ni kuwa Bakanuwa, na ce ai an gama. A wurinmu ka ambaci sunan uban mutum, ko mai shayin unguwa zai nuna maka gidan. Maigidana ya ɗago kai daga takardun karatunsa ya ce, "Maman yara, wannan fa ba Ƙofar Mata ba ce. Ki yi searching ki gani." Na harare shi, na buga sunan a waya.

Sai ga mutane kamar ƙasa. A Filifin, a Meziko, a Sifen, likitoci, 'yan dambe, har da masu sayar da taya. Ban fasa ba. Kullum in na sauke tukunya sai in zauna in tura wa mutum ashirin saƙo da hotonta, ina neman 'yarta.

Wani dattijo ɗan Filifin cikin waɗanda na tura wa saƙon, tsohon malamin makaranta, shi ya yi haƙurin yi mini bayani. Ya ce sunan na mutanen Sifen ne, ma'anarsa "na waliyyai". Da suka mulki ƙasarsu, littafin sunaye suka kawo aka raba wa mutane gari-gari, wasu kuma limaman coci suka laƙaba musu. "Sunanmu ɗaya da ita," in ji shi, "amma ba mu haɗa kaka ba." Ranar na yi kuka sosai, kuma haushin kaina ya fi yawa a ciki. Da a ce tambaya ɗaya na yi mata muna shanya kaya, da yarinyar nan ta san uwarta ba watsi ta yi da ita ba.

A sati na shida wata budurwa ta amsa. Ta ce mahaifiyarta tana aiki a Kuala Lumpur, kuma wata biyu ke nan ba ta kira ba. Na sake tura mata hoton, wanda ya fi fitowa.

Sannan ta rubuto, "Ba ita ba ce, Anti. Amma tunda kina can, don Allah ki duba mini tawa."

Na ce mata to. Ban samo tata ba, ban samo 'yar maƙwabciyata ba.