Motar da surukina ya fita dubawa

An ajiye mini shinkafa da kifi a wani gidan cin abinci, ga yunwa tana cina, amma na kasa ɗaukar cokali. Surukina Kabiru ne zaune yana fuskantata.

A New York ne, cikin shekarun casa'in, zuwana na farko wajen autata Zainab. Tun aurenta hankalina bai kwanta ba, don ban san hannun da ta faɗa ba. Tun safe suke yawo da ni a ƙasa, muka tsallake gadar Brooklyn, na kalli benaye har wuyana ya ƙage.

Zainab ta raɗa mini, "Umma, ci mana, nan Amurka ce."

Na ce, "A gaban mijinki? Na ƙoshi."

Kabiru ya miƙe, kansa a sunkuye. "Umma, bari in duba mota."

Da ya fita na ce, "Ke, wace mota? Ba jirgin ƙasa muka hau ba?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ko keke ba mu da shi."

Ta gilashi na hango shi tsaye cikin sanyi, ya ba mu baya. Na cinye tas, zuciyata ta yi sanyi.

Iyaye mata, ku da me kuka gane 'yarku ta dace da miji?