Koko da Ƙosai a Bututun Mashud

Tsakanin Magariba da Isha ne, a saman benen Hajiya Abibata da har yau ba a gama ginawa ba, Mashud Mai Agogo ya manna idonsa na dama a bakin bututunsa na hangen nesa, ya ga tauraro ɗaya a wurin da ya saba ganin biyu. Ya ciro ƙyallen da yake goge gilashin agogo ya goge. Ya murɗa a hankali, ya mayar, ya lumshe ido ya sake buɗewa. Ɗaya ne. Ya ji yadda yake ji idan ƙaramin sukuru ya kuɓuce daga hantsaki ya faɗi ƙasa.

"Matsa in gani," in ji Abdul-Rahim wanzami, abokinsa, wanda ke zaune a kan bulo yana ɓare gyaɗa. Ya miƙe, ya karkaɗe zaninsa, ya leƙa. Bai ma daɗe ba.

"Ga su nan mana. Ga Koko, ga Ƙosai a gefensa. Sun dai matsu, kamar fasinjan motar haya ta trotro."

"Ka ga biyu?"

"Kai ba ka gani ba?"

"Na gani," in ji Mashud. Ya rufe bakin bututun da murfin gwangwanin madara, ya ce lokacin salla ya yi, alhali ladan bai ko taɓa lasifika ba.

Duk wanda ya bi titin Maamobi a Accra ta wajen masu sayar da waake, dafa-dukan shinkafa da wake, ya san rumfar Mashud: akwatin gilashi mai ƙafa huɗu, kujera ɗaya, da agoguna a rataye kowanne da nasa lokacin. Yana da shekara sha tara ya sauko daga arewa, ya yi dako, ya yi gadi, kafin wani tsoho a unguwar Nima ya koya masa buɗe bayan agogo. Yanzu ya kai sittin da ɗaya. Tunda wayar hannu ta zo masu ɗaura agogo suka ragu, amma waɗanda suka rage nasa ne, alhazai da tsofaffin direbobi da ba sa yarda wani ya taɓa musu kaya. Hannunsa bai taɓa rawa ba. Abincinsa kuwa yana cikin idon dama, wanda yake sa wa ɗan gilashin nan na masu gyara.

Taurari sun shigo rayuwarsa ta hanyar wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya kawo gyara, ya tsaya hira har rana ta faɗi, ya ciro madubin hange daga jakarsa ya nuna masa cewa wani tauraron da ido ke gani ɗaya, biyu ne a manne. Mashud bai yi barcin kirki ba a makon nan. Ya nemo gilashi a wurin masu kayan tsofaffin jirage, ya yanko bututun ruwa, ya ɗora a kan ƙafar tsohon keken ɗinki. Fitilun Accra suna cinye ƙananan taurari, amma tagwaye masu haske ba ruwansu da fitila. Su ya bi. Bai san sunayensu na littafi ba, sai ya raɗa musu nasa: Liman da Na'ibi, Hajiya da Jaka, Waake da yajinsa Shito. Wanda ya fi so shi ne Koko da Ƙosai, babba fari, ƙarami ja-ja kamar an tsamo shi daga mai.

Yana da littafi mai baƙin bango. Ranar da ya fara ganin kowane tagwaye yakan zana su a fuskar agogo: gefen da tauraron ke zamewa ya fita daga gilashi shi ne ƙarfe sha biyu, sai ya sa ƙaramin a awar da ya faɗa. Ƙosai yana ƙarfe biyu. Bayan wannan, kowace shekara kalma ɗaya ko biyu kawai yake ƙarawa. Shafin Koko da Ƙosai ya fara da "biyu sarai", shekara da shekaru. Daga baya ya koma "biyu". Shekara huɗu na ƙarshe, da ƙaramin rubutu, "biyu da ƙyar". Bai taɓa nuna wa kowa ƙasan shafin ba. Da wannan tauraron yake auna idonsa, kuma ya san ranar da ya zama ɗaya, rumfa ta kusa rufewa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wanda ya gani. Abdul-Rahim ya girme shi da shekara uku. Ɗan ƙabilar Moshi ne, shi kuwa Mashud ɗan Dagomba, akwai wasa tsakaninsu tun kakanni, shekara talatin suna zagin juna ba wanda ya taɓa fushi. Mutumin da bai san gabas da yamma a sama ba, wanda gyaɗa da iska ke kawo shi saman bene, wanda aikinsa bai wuce ya bi ƙeya da aska ba. Me zai yi da ido irin wannan? Mashud ya kwana yana juya maganar. Da safe ya hango shi a ƙofar shagonsa yana karanta saƙon waya ba tabarau, ya ji kamar an watsa masa yaji.

Da yamma ya shirya masa tarko.

"Wanzam, tunda idonka ya fi na shaho, Ƙosai ƙarfe nawa yake?"

Abdul-Rahim ya leƙa, ya jira tauraron ya zame, ya ƙirga da yatsa a iska. "Biyar."

Mashud ya yi dariya har da tari. Ya buɗe littafin, ya rufe ƙasan shafin da tafin hannu, ya nuna zanen. "Biyu! Shekara ashirin da shida yana ƙarfe biyu. Ku Moshi ko a sama sai kun yi ƙarya."

"Ni dai biyar na gani. Wataƙila agogonka ne ya tsaya, ba yau ya fara ba."

Kwana uku Mashud yana cikin daɗi. Idan wanzami ƙarya yake, to babu wanda ya ga biyu, laifin iska ne ko gilashi. Don ya ƙarasa kunyata shi ya aika a kira Zakiya, 'yar ƙanwarsa da ke unguwar Alajo. Ta gama jami'a a fannin kimiyya, tana zaune a gida tana jiran a tura ta bautar ƙasa, kuma ta taɓa ce masa akwai manhaja a kwamfutarta mai ɗauke da kundin taurari dubu-dubu.

Ta zo rumfa da rana tsaka. Sai da suka sha wahala kafin su gano Koko a allon, domin manhajar ba ta san koko ba, lamba ta sani. Ya riƙa nuna mata: daga wannan mai haske ki sauka, ki yi hagu. Da suka same shi ta danna, rubutu ya fito.

"Kawu, zanenka daidai ne! Idan na juya lissafin zuwa agogonka, ƙarfe biyu ne cif. Ratar da ke tsakaninsu kuma sakan huɗu."

"Sakan? Har sama sun bi ni da sana'ata?"

"Ba na agogo ba, ma'aunin rata ne." Tana murna, bakinta ya riga tunaninta. "Huɗu ai da faɗi. Bututunka yana raba har ɗaya da rabi. Wannan ko yaro ya leƙa zai ga biyu."

Mashud ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye a kan akwati. Ya ce ta gaida uwarta.

Washegari wani alhaji ya kawo agogon da ya saya a Makka, Mashud ya ce ya kai unguwar Kawukudi, akwai mai gyara a can. Rana ta biyu bai buɗe rumfar ba. Ya sa kwaɗo a ƙofar saman bene. Ranar Juma'a, ranar askinsa tun shekara talatin, ya zagaya ta bayan masallaci don kada ya bi ta gaban shagon Abdul-Rahim. Zancen ƙarfe biyar ya daina yi masa daɗi: ko wanzami ya kuskure awa, ya dai ga biyu a inda biyu suke.

Matarsa Suweiba ce ta kira Zakiya a waya ta ce, "Me kika gaya wa kawunki? Ko tuwo ba ya ci." Zakiya ta zauna a bakin gado. Ita ta karanta lambar, da bakinta, tana dariya. Ta buɗe kwamfutar ta sake dubawa, huɗu ne. Ta sauke wata manhajar daban don kawai ta ga ko za ta ce wani abu. Ta biyun ta ce ɗaya da rabi.

Ba ta gudu wurin kawunta ba, domin ta riga ta yi gaggawa sau ɗaya. Ta yi kwana biyu da takarda da biro. Ta zaɓi tagwaye ashirin ta jera abin da kowace manhaja ta faɗa a kansu. Sha bakwai sun yi daidai, ko kusa da daidai. Uku sun saɓa, kuma duka ukun irin waɗanda ƙaramin ke zagaya babban cikin shekarun da ɗan Adam zai iya gani ne. Sai ta tono inda kowace ta samo lambarta. Ta farko ta kwafo daga tsohon kundi, awon da aka yi tun ba a haife ta ba, ta ajiye shi kamar na jiya. Ta biyun tana ɗaukar hanyar zagayen ta lissafo inda ƙaramin ya kai a bana, kuma awon baya-bayan nan da ta samu a wani kundin ya goyi bayanta.

Ta same shi a tsakar gida a kan tabarma, gemu ya fito fari ba tsari.

"Kawu, ka yafe ni. Lambar da na ba ka tsohuwa ce. Ƙosai tafiya yake, yana matsowa kusa da Koko tun shekaru. Bana ɗaya da rabi ne, iyakar abin da bututunka zai iya. Kawo littafin."

Ya yi jinkiri, sannan ya miƙa mata, a karo na farko bai rufe ƙasan shafin ba. Ta ɗora jerin shekarunsa kusa da nata. Inda ratar ta sauka sakan uku, a nan ya rubuta "biyu". Inda ta sauka biyu, ya rubuta "da ƙyar".

"Ka gani? Ba idonka ke rufewa ba, su ne. Kai ka riga manhajar farko sani."

Mashud ya miƙe zaune. Ya ce wa Suweiba ko akwai sauran tuwo. Har ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya.

"Kin ce tafiya yake. Yanzu ƙarfe nawa ya kai?"

Zakiya ta duba takardarta. Ta so ta ce ba ta lissafa ba.

"Biyar, Kawu."

Mashud ya sake duba zanen da ke littafinsa. Babu littafin da wanzami zai saci biyar a ciki, babu wanda ya gaya masa. A iyakar ƙarfin gilashin, inda mai gilashin ya ga ɗaya, shi ya ga biyu har da awarsu.

Da la'asar ya je shagon ya zauna a kujera ba sallama. Abdul-Rahim ya yafa masa ƙyalle ya fara wasa aska.

"Ei, dajin Dagomba ya zo da kansa. Wannan sai da adda."

"Yi aikinka."

"An ce ka sa wa sama kwaɗo. Taurarin ma naka ne?"

"Biyar ne," in ji Mashud, yana kallon bango. "Yarinyar ta duba."

"Yoo."

"Yoo kawai? Ka girme ni. Goro kake ci kamar akuya, hayaƙin maganin sauro kake kwana a ciki. Ni na kiyaye idona kamar ƙwai. Ina ka samo naka?"

Abdul-Rahim ya shafa masa kumfa har kan leɓe, yadda ba zai iya magana ba.

"Ka tuna bara da na ce na tafi Bawku can arewa ta'aziyya, na yi mako uku? Babu wanda ya mutu. Ina gidan 'yata a unguwar Madina, nan Accra, da auduga a ido. Yanar ido ce ta rufe shi, na fara yankan kunnen mutane. Aka cire, aka sa mini wani ɗan gilashi a ciki. Idon da kake ƙyashi, na kanti ne."

Mashud ya tofar da kumfa. "Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"In gaya wa Dagomba an yi mini gyara kamar agogo? Da har kabari kana ba da labari." Ya kama haɓarsa ya juya ta wajen haske. "Kai ma shekara nawa kana karkata kai idan kana duba mutum? Ina ganinka a madubi. Na jira ka faɗa, ka ƙi."

"Har gilashin ma sai ka riga ni."

"Daina motsi, ko in rage maka kunne."

Ranar Litinin su uku suka shiga trotro zuwa asibitin ido, Zakiya a tsakiya, tsofaffin biyu kowa na kallon tagarsa. Mashud ya tafi da shirin a ce masa yanar ido ce, a cire, ya fito da ido irin na wanzami ko wanda ya fi. An ɗiga masa magani, an sa shi karanta haruffa, an hura masa iska a ido. Likitar ta daɗe a kan na dama. Ta ce akwai 'yar yana, amma ba ta kai ta hana shi gani haka ba, kuma awon ƙarfin ruwan idon ya ɗan hau. Ta ɗauki hoton bayan idon, ta ce sai babban likita ya duba kafin a san ko abin da ake cirewa ne ko wanda ake lallaɓawa.

Ya buɗe rumfa washegari. Yana canja batir da madauri, manyan gyare-gyare kuwa ya ce a dawo bayan mako biyu. Zakiya tana zuwa kullum ta zauna a gefensa, ko da ba ta da abin yi. An ce su koma ranar Alhamis ta sama. Har yanzu sakamakon bai fito ba.